Keken fatsa a ruwan gishiri: abin da ya kamata a sani kafin a saya a Lome

Mai fatsar da ya koyi kamun kifi a kogin Kwara, ko tafkin Madarunfa, ko Matan Fada ta Argungu, idan ya zo bakin teku zai tarar rabin iliminsa ne kawai ke yi masa aiki. Kifi dai kifi ne, ƙugiya kuma ƙugiya ce, amma ruwan ya bambanta. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kimanin gram 35, igiyar ruwa kuma ba ta barin yashi ya kwanta. Gishirin da yashin su ne ke kashe keken fatsa, wato na'urar nan da ake ɗaurawa a jikin sanda domin sakin zare da naɗe shi, wadda masu shaguna a ƙasashen renon Faransa ke kira muline. Keken da aka ƙera domin ruwan daɗi yana iya cijewa bayan ƴan fitowa kaɗan, kuɗin mutum su bi ruwa.

Ga bayanin abubuwan da mai saye zai duba, tun daga irin ruwan da zai jefa fatsa har zuwa lambobin da ke jikin kwali. An ɗauki Lome a matsayin misali, amma bayanin zai yi wa mazauna Nima a Akra, da Zongon Kwatano, da Agege a Legas, da Treichville a Abijan aiki, domin tekun ɗaya ne, halinsa kuma kusan ɗaya.

Daga Zongo zuwa bakin ruwa

Fatake Hausawa sun kafa Zongon Lome tun zamanin mulkin Jamusawa, a ƙarshen ƙarni na 19. Tsohon Zongo a tsakiyar gari yake, ba nisa da teku, har zuwa 1977 lokacin da hukuma ta rushe unguwar ta mayar da mazaunanta Agoe, kimanin kilomita 15 arewa da tsakiyar birni, a kan hanyar da ta nufi Kara da Burkina Faso. Masanin nan Bafaranshe, Michel Agier, ya rubuta littafi a kan fataken unguwar wanda ya fito a 1983. Shanu da goro da tufafi aka san Zongo da su. Kamun kifin teku kuwa yana hannun Ewe da Ada da Fante, waɗanda ke fita da manyan kwale-kwale ko su ja taru daga bakin gaɓa. A 2019 aka buɗe musu sabuwar tashar masunta a Gbetsogbe da tallafin ƙasar Japan.

Keken fatsa ba kayan aikin waɗannan masunta ba ne. Na mutum ɗaya ne da ke tsaye a kan ƙafafunsa a bakin ruwa, yana neman na miya ko yana hutawa da hayaniyar kasuwa. Gaɓar tekun Togo ba ta kai kilomita 60 ba daga iyakar Gana a Aflao zuwa iyakar Benin, amma a wannan ɗan tsakanin akwai ruwa iri uku, kuma kowanne da keken da ya dace da shi.

Na farko shi ne buɗaɗɗen rairayi, irin na gaban otal-otal da kusa da ragowar tsohuwar gadar jiragen ruwa ta zamanin Turawa. A nan igiyar ruwa tana fashewa da ƙarfi dab da gaɓa, ruwan kuma yana jan yashi daga yamma zuwa gabas ba dare ba rana. Dole ne mai fatsa ya jefa ƙotonsa bayan inda ruwan ke fashewa, da dalma mai nauyin gram 100 zuwa 200 don kada ruwa ya kwashe ta, da sanda mai tsawon mita 4 ko fiye.

Na biyu shi ne wuraren duwatsu. Tun da aka buɗe tashar jiragen ruwan Lome a 1968, yashi yake taruwa a yammacinta, teku kuma yana cin ƙasa a gabashinta, ta wajen Baguida da Agbodrafo da Aneho. Zaizayar ta tono shimfiɗaɗɗen dutse a bakin ruwa, hukumomi kuma sun jera manyan duwatsu zuwa cikin teku don tare yashi. Kifi yana taruwa a irin waɗannan wurare, amma dutse yana yanke zare.

Na uku shi ne ruwan zartsi, inda ruwan daɗi ke gauraya da na gishiri. Kogin Zio, wanda ke wucewa ta Togblekope kusa da Zongo, da kogin Haho, suna zuba a tafkin Togo, shi kuma yana haɗuwa da teku a Aneho, kimanin kilomita 45 gabas da Lome. Da damina ruwan daɗi ke rinjaye, da rani gishiri ya ƙaru. Irin wannan ruwa ne a bakin kogin Mono kusa da Grand-Popo, da mashigin Kwatano, da bakin Volta a Ada, da tafkin Legas. Kada zartsin ya ruɗi kowa: gishirin da ke cikinsa ya isa ya ci ƙarfe.

Kifin da ake nema

Girman kifi da halinsa suna cikin abin da ke yanke hukunci. Abin da ake kira kafiten a kasuwar Yamai shi ne giwan ruwa, amma kafiten na teku wani kifi ne dabam, mai wasu zaruruwa a ƙarƙashin wuya, yana son bakin kogi da ruwa mai yashi, kuma babbansa yana kai tsawon mutum. Akwai wanda ake kira bar, da karang mai gudu da taurin kai, da jan kifin nan karp ruj wanda da ya ji ƙugiya sai ya nufi ramin dutse, da barakuda mai haƙora kamar reza. A cikin tafki akwai karfasa, wadda mutanen Lome ke kira akpabi, da dangin tarwaɗa da kurungu, da mule. Keken da zai ɗauki karfasa mai rabin kilo ba shi ne zai tsayar da karang mai kilo 10 ba.

Kekuna iri biyu

Iri na farko shi ne mai tsayayyen kwarkwaro. Kwarkwaron, wato bobin ɗin da zare ke naɗe a kansa, ba ya juyawa lokacin jifa. Ana buɗe wani lanƙwasasshen ƙarfe mai kama da baka, zare ya riƙa zamewa ta bakin kwarkwaron, idan an juya hannu kuma bakan ya rufe ya riƙa naɗe zaren. Wani Baturen Ingila mai masaƙa, Holden Illingworth, ya yi rajistar wannan fasaha a 1905, sannan kamfanin Mitchell na garin Cluses a Faransa ya yaɗa ta a duniya bayan Yaƙin Duniya na Biyu da kekensa mai lamba 300. Shi ne mafi sauƙin koyo, kuma shi aka fi samu a kasuwa.

Iri na biyu shi ne mai juyayyen kwarkwaro, wanda ke zama a saman sanda, kwarkwaron da kansa yana juyawa lokacin jifa. Penn na Amurka, wanda aka kafa a 1932, da Abu na Suwidin sun yi suna a kansa. Yana da ƙarfin ja, yana ɗaukar zare mai kauri, a hannun gwani kuma yana kai jifa nesa. Matsalarsa ita ce idan kwarkwaron ya fi zaren gudu, sai zaren ya cukurkuɗe kamar sheƙar tsuntsu, musamman idan ana jifa iska tana bugo fuska, kamar yadda iskar teku ke yi a Lome da yamma. Wanda bai saba ba gara ya fara da na farko. Sauran bayanin nan a kansa ya fi karkata.

Akwai kuma fatsar hannu, zaren da ake naɗewa a jikin gwangwani ko guntun katako. A cikin tafki ko daga kan gada tana kama kifi sarai, kuma wanda kuɗinsa ba su kai na keken kirki ba ya fi masa alheri ya tsaya a kanta da ya sayi wanda zai mutu a wata ɗaya. Inda take gazawa shi ne nisan jifa da kuma lokacin da babban kifi ya fizga, domin zare yana yanka yatsa har ƙashi.

Abin da gishiri ke ci

Abu na farko da za a tambaya shi ne da me aka yi gangar jikin. Iri uku aka fi samu. Akwai baƙar roba mai tauri da ake kira girafit, wadda ba ta tsatsa kuma ba ta da nauyi, sai dai a babban keke takan ɗan lanƙwashe idan kifi ya ja, haƙoran giya su goce daga saitinsu. Akwai alminiyom da aka yi wa rufi na musamman, wanda ya fi ƙarfi, kuma shi ya fi dacewa da rairayi da duwatsu, amma duk inda rufin ya kankare gishiri zai shiga ya fara yin farin gari. Akwai kuma maganiziyom, mai sauƙin nauyi da tsada, wanda gishiri ke ci da sauri da zarar fentinsa ya sami rauni. Mai zuwa teku ya kauce masa.

Ɓarna mafi muni a ciki take faruwa. Idan ƙarfe iri biyu suka haɗu, kamar kusar bakin ƙarfe a cikin alminiyom, ruwan gishiri ya ratsa tsakaninsu, sai ɗaya ya riƙa cin ɗaya kamar yadda ake gani a kan batirin mota. Shi ya sa kusoshi ke cijewa har su karye wajen kwancewa. Ruwan kuma idan ya bushe yakan bar ƙwayoyin gishiri, su haɗu da yashi da giris su zama kamar garin wasa wuƙa.

Saboda haka ake ƙera kekunan teku da zobban roba masu toshe ƙofofi. Wasu kamfanoni suna rubuta matakin toshewar da alamar IPX, ma'aunin da ake amfani da shi a wayoyin hannu. IPX5 na nufin yana jure feshin ruwa, IPX6 feshi mai ƙarfi, IPX7 nutsewa har mita ɗaya na minti 30, IPX8 kuma abin da ya wuce haka gwargwadon yadda kamfanin ya ƙayyade. Misali, Penn ya sa wa Spinfisher VI alamar IPX5, Slammer kuma IPX6, Shimano ya sa wa gangar Saragosa SW alamar IPX8. Daiwa yana toshe wasu kekunansa da wani mai da maganaɗisu ke riƙewa, wanda ya sa wa suna Magsealed. Ga mai tsayawa a rairayin Lome, inda feshin igiyar ruwa ba ya yankewa, IPX5 ko IPX6 ya wadatar. Rubutun "domin teku" kawai a jikin kwali, ba tare da bayanin kayan da aka yi aiki da su ba, talla ce.

Yadda ake karanta lambobi

Lambar girma. Ana rubuta 2500, 4000, 6000, 10000 da sauransu. Babu ma'auni guda tsakanin kamfanoni: 6500 na Penn ba girmansa ɗaya da 6000 na Shimano ko na Daiwa ba. Duk da haka, a dunƙule, 2500 zuwa 4000 na tafki ne da ƙananan kifaye, 4000 zuwa 6000 na bakin kogi da duwatsu, 8000 zuwa 14000 na buɗaɗɗen rairayi.

Yawan zaren da yake ɗauka. Wannan ya fi lambar girma faɗin gaskiya, kuma a jikin kwarkwaro ake rubuta shi. Idan an ga 0.40/300, ma'ana yana ɗaukar mita 300 na zare mai kaurin milimita 0.40. Masu Faransanci suna rubuta kaurin da 40/100. Lissafin mai sauƙi ne: jifa a rairayi yana cin mita 80 zuwa 100, babban kifi yana iya gudu da wasu mita 100, kowane yankewa kuma yana rage wani abu. Don haka keken rairayi ya ɗauki aƙalla mita 250 zuwa 300 na 35/100 ko 40/100. A tafki mita 150 na 28/100 ko 30/100 sun isa.

Saurin naɗi. Lamba irin 4.6:1 ko 6.2:1 tana nuna sau nawa kan keken ke zagayawa idan an juya hannu sau ɗaya. Ƙaramar lamba tana ba da ƙarfi, kamar giya ta ɗaya a mota, babba kuma tana ba da sauri. Mai jawo dalmar gram 150 daga cikin yashi yana buƙatar ƙarfi, wato tsakanin 4.1:1 da 4.9:1. Mai jefa kifin roba ko cokalin ƙarfe don yaudarar karang da barakuda yana buƙatar sauri, daga 5.6:1 zuwa sama. A duba kuma santimita nawa yake naɗewa a juyi ɗaya, domin babban kwarkwaro mai ƙaramar giya yana iya naɗe kusan mita guda, ya fi ƙaramin keke mai babbar giya.

Birki. Wannan shi ne zuciyar keke. Wasu faya-fayai ne a cikin kwarkwaro da ke barin zare ya fita a hankali idan kifi ya ja da ƙarfi, maimakon ya tsinke. Birkin da ake ɗaurewa ta gaba ya fi na baya ƙarfi da jure zafi, faya-fayan kabon kuma sun fi na ulu daɗewa. Kamfanoni suna alfahari da kilo 15 ko 20, amma ƙa'idar da masu fatsa ke bi ita ce a saita birki a kan kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na ƙarfin zaren. Zaren da ke tsinkewa a kilo 10 birkin kilo 3 yake so. Ana iya gwadawa a gida: a ɗaura robar ruwa biyu masu lita ɗaya da rabi a bakin zare, a ɗaga a hankali, a sassauta birkin har zaren ya fara zamewa. Abin da ake nema shi ne ya zame sumul. Birkin da ke riƙewa ya saki, ya riƙe ya saki, shi ke tsinka zare a lokacin da kifin ya zo bakin gaɓa, igiyar ruwa tana ja da baya.

Yawan boris. Nan ne aka fi yaudarar mai saye. Za a ga keke mai araha an rubuta 12+1 ko 14+1. Boris huɗu ko biyar na bakin ƙarfe masu murfi sun fi goma sha huɗu na ƙarfen banza, domin kowane boris mara kyau wuri ne da tsatsa za ta fara. Araha ba ta ado.

Zare: nailan ko kitsattse

Nailan yana da araha, ana samunsa ko'ina ake sayar da kayan masunta, yana miƙewa idan an ja shi, wanda hakan ke rage fizgar kifi, kuma yana jure gogar dutse. Rana tana cinye ƙarfinsa, don haka mai yawan fita ya canja shi aƙalla sau ɗaya a shekara. Kitsattsen zare, wanda Faransawa ke kira tires, ya fi siriri a ƙarfi ɗaya, yana kai jifa nesa, ruwa bai cika jansa gefe ba, kuma mutum yana jin ko taɓawar ƙaramin kifi. Amma yana da tsada, dutse yana yanke shi nan take, yana kuma yanka yatsa wajen jifa idan ba a naɗe yatsan da fata ko salatif ba. Idan za a sa shi, a fara shimfiɗa ƴan mitoci na nailan a ƙasa don kada ya riƙa zamewa a jikin kwarkwaro. Ko wanne aka zaɓa, a cika kwarkwaron ya rage milimita 2 zuwa 3 ya kai baki. Idan ya gaza haka jifa zai ragu, idan ya wuce zare zai zubo ya harɗe.

Mai jefa dalma mai nauyi dole ya ƙulla zare mai kauri a gaba, tsawon mita 8 zuwa 10, wanda zai ɗauki ƙarfin jifan. Ƙa'idar ita ce kimanin kilo 4.5 na ƙarfin zare ga kowane gram 28 na dalma. Dalmar gram 150 ke nan tana son zaren da ya kai kilo 24, wato 60/100 zuwa 70/100. Wannan ba don kifi kaɗai ba ne. Dalmar da ta tsinke a tsakiyar jifa tana tafiya kamar harsashi, rairayin Lome kuma cike yake da jama'a, musamman ranar Lahadi. Inda ake tsammanin barakuda, a ƙara guntuwar wayar ƙarfe kafin ƙugiya.

Sabo ko gwanjo

Lome gari ne na tashar jiragen ruwa, kayan gwanjo daga Turai ba sa yankewa, kuma a cikinsu akan ci karo da kekunan fatsa. Yawancinsu na kogunan Turai ne, an yi su domin ruwan daɗi, amma akan dace da tsofaffin kekunan teku irin su Mitchell 498 ko Penn na ƙarfe zalla, waɗanda ba su da toshiya amma cikinsu ba shi da rikitarwa, kowane mai gyaran keken ɗinki zai iya kwancewa ya wanke. Kafin a biya, a yi waɗannan gwaje-gwaje:

A juya hannu a hankali kusa da kunne. Ƙarar yashi ko wurin da yake ɗan tsayawa alama ce ta haƙoran giya ko boris sun ci.

A juya hannun baya. Ya kamata ya tsaya cak. Idan yana zamewa, makullin ya lalace.

A buɗe bakan a rufe sau goma. Ya buɗe ya tsaya, ya rufe da ƙarfi.

A taɓa ƴar tayar da zare ke bi a jikin bakan. Idan ba ta juyawa, ko zare ya yi mata gurbi, za ta riƙa murɗe zare tana cin sa.

A shafa bakin kwarkwaron da farce. Ƙaramin tsagu ya isa ya yanke zare lokacin jifa.

A cire kwarkwaron a duba ƙasansa da kan kusoshi. Farin gari ko kore alama ce gishiri ya riga ya shiga.

A ɗaure birki a ja zare da hannu, a ji ko yana fita sumul.

Wajen sabo kuma a yi hattara da jabu. Keken da ke ɗauke da sunan Shimano ko Daiwa ko Penn amma farashinsa bai kai rubu'in na asali ba, sunan kawai aka saya. Kwatanta farashi ba wuya, tun da Yuro ɗaya sefa 655.957 ne ba ya canjawa: abin da ake sayarwa Yuro 100 a Faransa ya haura sefa 65,000 tun kafin kuɗin jirgi da na kwastan. Keken kamfanin da ba a san shi sosai ba amma na gaskiya ya fi jabun babban suna. Wanda zai yi saƙo ta hannun ɗan'uwa a Turai ya roƙa a haɗo masa da kwarkwaro na biyu da faya-fayan birki, domin kayan gyara sun fi keken wuyar samu.

Idan keke ɗaya ne kawai aljihu zai ɗauka, mafi dacewa shi ne mai tsayayyen kwarkwaro, girman 5000 zuwa 6000, gangar alminiyom ko girafit mai kauri, birkin gaba, giya wajen 5:1, mai ɗaukar mita 250 na 35/100. Ya ɗan yi wa karfasa girma, ya ɗan yi wa jifa mai nisa ƙanƙanta, amma zai yi aiki a Aneho, da kan duwatsu, da rairayi a ranar da teku ya lafa. A ɗaura shi a jikin sandar kafin a saya, a ji ko nauyinsu ya daidaita a hannu.

Kula bayan an dawo

Don tuwon gobe ake wanke tukunya. Keke mai matsakaicin kuɗi da ake wankewa ya fi mai tsada da aka jefar a buhu daɗewa. Da an dawo gida, a ɗaure birki tamau don kada ruwa ya shiga faya-fayan, a zuba ruwan daɗi a hankali da buta, a goge da tsumma. Kada a tsoma shi a bokiti, kada kuma a kai shi wurin wankin mota, domin ruwa mai ƙarfi tura gishiri ciki yake yi. A shanya shi a inuwa, idan ya bushe a sassauta birkin gaba ɗaya kafin a ajiye. A ɗiga man keken ɗinki a ƴar tayar zare da mahaɗan baka da hannu. Sau ɗaya ko biyu a shekara a buɗe a canja giris, da irin wanda ake sa wa injin kwale-kwale. Fetur da kananzir suna lalata zobban roba. Wurin da aka toshe da man maganaɗisu kuma ba a buɗe shi, ba a ƙara masa wani mai.

A bakin ruwa, kada keke ya taɓa yashi. Guntun bututun roba mai tsawon mita guda, an fere bakinsa an kafa a ƙasa, ya isa ya riƙe sanda. Idan keken ya faɗa cikin ruwan teku, a daina juya shi, a buɗe shi a ranar. Da hunturu kuma ƙura tana yin irin aikin yashi, sai a ajiye shi cikin jakar tsumma, ba leda ba, domin leda tana riƙe danshi.

Wata da lokaci

Teku yana cika sau biyu ya janye sau biyu a kwana guda, tsakanin cika da cika kimanin awa 12 da minti 25, kowace rana kuma lokacin yana jinkirta da kusan minti 50. A Lome bambancin cika da janyewa bai kai mita 2 ba. Wanda ke bin lissafin watan Musulunci yana da jadawali a hannu: cika mafi girma tana zuwa ne a kwanakin tsayuwar wata da kuma wajen 14 zuwa 16 ga wata. A lokacin ruwan bakin kogi yana gudu da ƙarfi, ana buƙatar dalma mai nauyi. Masu fatsa sun fi son sa'o'in da ruwa ke hawa, musamman idan sun dace da bayan sallar asuba ko dab da magariba. Daga Yuni zuwa Satumba teku ya fi hauka, daga Disamba zuwa Fabrairu ya fi lafawa. Sabon shiga ya fara da rani, kuma a tafki.

Doka da tsira da rai

Dokar da ke tsara kamun kifi da kiwonsa a Togo ta 2016 ce, kuma Hukumar Kamun Kifi da Kiwonsa ce ke kula da izini da lokutan hutun ruwa, kamar wanda ake yi kowace shekara a tafkin Nangbeto daga tsakiyar Agusta zuwa tsakiyar Nuwamba. Baƙo ya tambayi hukumar, ya kuma gaida shugabannin masuntan wurin kafin ya jefa fatsa, kamar yadda ba a shiga ruwa a ƙasar Hausa sai da sanin Sarkin Ruwa. A tafkin Togo akwai wuraren da masu gari suka kafa tarkunansu da wuraren da al'ada ta keɓe. Harabar tashar jiragen ruwa wurin tsaro ne, ba a shiga. Kunkurun teku da ke hawowa yin ƙwai a gaɓar Togo doka ta kare shi, idan ya kama ƙugiya a sake shi. Tafkunan cikin birnin Lome kuwa ruwan kwatoci yana zuba a cikinsu, don haka mai neman kifin da iyali za su ci gara ya nufi gabas.

Ruwan gaɓar Lome yana cin mutane, har da waɗanda suka iya iyo a kogi, domin akwai wuraren da yake komawa ciki da ƙarfin da ba a iya ja da shi. Kada a shiga ya wuce gwiwa don ƙarin nisan jifa, kada a juya wa teku baya, kada a hau jiƙaƙƙen dutse mai gansakuka, kada kuma a fita da dare mutum ɗaya. Sandar kabon tana jan tsawa, da hadari ya haɗu a kwantar da ita. Tarwaɗar teku tana da ƙaya mai dafi a baya da gefe, kifin nan mai faɗi kamar faifai kuma yana da ita a wutsiya, don haka da filaya ake cire musu ƙugiya. Idan ƙugiya ta maƙale a dutse, a naɗe zaren a jikin itace a ja har ya tsinke. Ba a ja da keken, domin sandar cikinsa tana lanƙwashewa, ba a kuma bin ƙugiyar cikin ruwa.